Ruwan Asali Da Ruwan Baya

Akwai wata sana'a, ko kuwa in ce wata sha'awa, wadda ba mu cika jin labarinta a ƙasar nan ba, wato tara tsofaffin ƙananan bindigogi. A Amurka da ƙasashen Turai mutum yakan kashe dukiya mai yawa a kan libarba ɗaya wadda ta haura shekara ɗari, alhali ba harbi zai yi da ita ba, ajiye ta kawai zai yi a akwatin gilas yana kallo. A wurin waɗannan mutane, tambayar farko ba ita ce ko bindigar tana tashi ba. Abin da suke fara tambaya shi ne, wannan ƙyallin da ke jikinta, da shi ta fito daga masana'anta, ko kuwa daga baya wani ya sake yi mata ruwa? Amsar wannan tambaya takan rage kuɗin bindiga da rabi, wani lokaci ma fiye. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, wadda ta kode, ruwanta ya zube a wasu wurare, ita ce mai tsada. Wadda aka sabunta tana ɗaukar ido ita ce mai araha. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, to ashe ba mu kaɗai muka san haka ba.

Dalilin da ya sa babu irin wannan kasuwa a Nijeriya a fili yake. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da duk wata ƙaramar bindigar hannu cikin jerin makaman da aka haramta wa mutum riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa, kuma ta ambaci har da masu ƙyastu irin na zamanin kakanni. Dogayen bindigogin toka na maharba da na 'yan bindigar sarki su ne aka sassauta wa, aka ware musu nasu lasin. Amma rashin kasuwa ba shi ne rashin kaya ba. Gidajen sarauta da na tsofaffin barade cike suke da takubba da masu da sulke da bindigogin da aka gada, kuma ranar da rabon gado ya zo, tambayar nan ta Turawa takan biyo mu har zaure.

Kafin in kai ga yadda ta same ni, bari in ɗan yi aikina na malamin kimiyya. Kowace shekara nakan nuna wa ɗalibaina yadda ake yi wa ƙarfe ruwa. Mukan sami batir da waya biyu da kwalbar shuɗin ruwan sinadarin tagulla, mu ɗaura guntun jan ƙarfe a waya ɗaya, mu ɗaura tsohon mabuɗi a ɗayar, mu tsoma. Kafin a kaɗa ƙararrawa mabuɗin ya yi ja, yara suna ta sowa kamar an yi tsafi. Wannan dabara wani Ba'italiye mai suna Brugnatelli ya fara gwada ta a 1805, sa'an nan gidan Elkington na birnin Bamingam a Ingila suka yi mata rajista a 1840 suka mayar da ita ciniki. Duk wanda ya taɓa juya tsohon cokali ko butar shayi ta gidan tsohon ma'aikacin En'e ya ga haruffan EPNS, to jikar wannan aiki ya gani. Ruwan nikel, wanda shi aka fi yi wa bindigogi, ya kankama ne bayan wani Isaac Adams ya kyautata hanyarsa a Amurka a 1869. Ba don ado kaɗai ake yin sa ba, hayaƙin albarushi na lokacin yana cin ƙarfe, ga kuma gumin hannu. Shi kuwa ruwan kurom, irin na kan keke da bambar mota, bai shigo kasuwa ba sai a shekarun 1920.

Abin da nake so ɗalibai su lura da shi, wanda kuma ba su cika lura ba saboda ɗoki, shi ne ruwan nan ba ya ɓoye komai. Siriri ne ƙwarai, bai kai kaurin gashi ba. In akwai ƙarzuwa a jikin mabuɗi, za ta fito a cikin sabon ruwan, har ma ta fi da fitowa. Saboda haka duk mai son sabunta tsohon ƙarfe dole ya fara goge shi a inji, ya cinye tsatsa da tabo, kafin ya tsoma. To a nan asirin yake tonuwa, domin injin gogewa bai san tsatsa daban, rubutun maƙeri daban ba. Duk abin da ya tarar ci yake yi.

Da wannan masu tara bindigogi suke kama ɓarawonsu. Sukan bi gefunan bindiga da yatsa. Wadda ba a taɓa ba gefenta yana da kaifi kamar yadda inji ya yanke shi, wadda aka goge kuwa gefen ya dasashe, ya yi sulɓi kamar sabulun da aka yi kwana uku ana wanka da shi. Sukan duba ramin noti, domin ƙafar injin gogewa takan nutsa a wurin ta bar ɗan kwari kewaye da ramin. Sukan duba sunan kamfani da lambobi: hatimin asali yana da zurfi ɗaya daga farko har ƙarshe, har ma ƙarfe yakan ɗan tasa a bakin kowane harafi, amma wanda aka goge sai ka ga rabin harafi ya fito, rabi ya shafe, ruwa ya kwanta a cikinsa. Sa'an nan babbar shaida, wadda ba ta da ɗaukaka ƙara, ita ce ramukan tsatsa a ƙarƙashin ruwa. Tsatsa ba ta riga masana'anta zuwa. In ka ga 'yan ƙananan ramuka kamar zanzana, kuma cikinsu yana ƙyalli, to ƙarfen ya tsufa ya ci tsatsa tukuna aka lulluɓe shi. Akwai kuma launi. Tsohon nikel yakan ja zuwa ruwan ɗorawa kaɗan, ya yi hazo-hazo, kurom kuwa fari ne fat mai ratsin shuɗi. Wanda ya nuna maka bindigar 1880 da ruwan kurom, ya nuna maka jariri da furfura a juye.

Kowane kamfani kuma da halinsa. Smith & Wesson, alal misali, ko sun yi wa libarba ruwan nikel ba su cika yi wa kunama da guduma ba, sukan bar su da launin ƙonanniyar tama mai dabbare-dabbare, kuma sukan buga harafin N a ɓoye ƙarƙashin ƙota. In bindiga ta koma hannunsu gyara, sukan buga ɗan tauraro kusa da lambarta, wato su da kansu suna shaida cewa an taɓa ta. Kamfanin Colt kuwa, mai shahararriyar libarbar nan ta 1873 da muka sha gani a finafinan kaboyi, yana da littattafan ajiya. Mutum ya aika da lambar bindiga ya biya, a rubuto masa ranar da ta bar masana'anta, da wanda aka aika wa, da irin ruwan da ke jikinta a ranar. Ita kuwa Webley ta hafsoshin Ingila, irin wadda Turawan rundunar Lugga suka rataya a ƙugu, mafi yawanta baƙa ce mai sheƙin shuɗi, don haka in ta zo fara tas sai a yi mata kallo biyu.

Ni duk wannan karatu ban neme shi don nishaɗi ba, larura ce ta sa. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a gidansa da ke nan Unguwar Sanusi, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya tara, uku daga cikinsu marayu ne ƙanana na wata matar da ta riga shi. Asalinsa mutumin Zariya ne, daga gidan da suka gaji hawa a bayan wani hakimi. Da aka zo ƙidayar kaya, bayan gida da keken ɗinki da 'yan tumaki, sai aka jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. A ciki aka tarar da takobi cikin kube, da wata 'yar ƙaramar bindiga mai ƙyastu, tsawonta bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, an naɗe ta cikin tsumman rawani. Bakinta a toshe yake, dutsen ƙyastun ma babu. Amma ƙarfenta da kan takobin suna walƙiya kamar jiya aka ƙera su.

Babban ɗansa, wanda yake taubashina ne, direban tanka, ya taɓa ganin kuɗin da ake sayar da irin waɗannan abubuwa a wayarsa. Nan take ya ce azurfa ce, kuma bindigar ta zamanin yaƙin Turawa ce, kuɗinta zai sayi gida. Kafin la'asar magana ta zaga dangi. Kafin kwana uku an fara kallon juna. Masu cewa a ɓoye kayan kada wani ya sauya su, da masu cewa ai tun da babban ya ɗauke su ya kai ɗakinsa an gama sauyawa. Dangin uwar marayun suka turo wakili. Malamin da zai yi rabo ya ce shi ba zai raba abin da ba a san kimarsa ba, kuma gaskiyarsa, domin hakkin maraya ba abin wasa ba ne. Wani dillalin kayan tarihi da aka kira ya juya bindigar sau biyu, ya ce lalle ruwanta na asali ne, a ba shi ya kai wa wani baƙo, in an sayar a ba shi la'adarsa. Da aka ce ya faɗi kuɗi ya biya nan take, sai ya fara tari.

Daga nan aka tuna da ni. “Kai malamin alli,” in ji taubashina, “kullum kana cika mana baki da kimiyya, to ga ranarka. In ka ce ba azurfa ba ce, ka biya ni kuɗin shara biyu bana.” Na ce masa, “Yaya, bawa ba ya gardama da ubangidansa, amma ƙarfe ba ya jin wasan taubasai.” Na roƙi mako biyu. Na karanta abin da na samu, na ari madubin ƙara girma daga ɗakin gwajin makarantarmu, na kuma je Tsohuwar Panteka na zauna da wani dattijon maƙerin fari wanda ya fi shekara arba'in yana aikin tagulla da azurfa. Abin da littattafan Turawa suka faɗa da shafi goma, shi ya faɗa mini da jimla biyu. Ya ce maƙeran da ba sa wanka wa ƙarfe, riga suke sa masa. Wato in za su yi wa kan takobi azurfa, fallen azurfa suke bugawa su naɗe, su like, su zana, don haka za ka ga bakin ɗinki, kuma azurfa in ta kwana biyu ba a goge ta da toka da lemun tsami ba sai ta yi baƙi. Azurfar ma sau da yawa liyari ake narkarwa, wato kuɗin nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wanda ko yaushe aka buga shi 1780 ake rubutawa a jiki. Ya ce, “Malam, je ka duba. Abin da ya shekara a adaka bai yi baƙi ba, ba azurfa ba ne.”

Ranar da aka sa, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida da hantsi, inda haske yake sosai. Na fara da takobin. Ruwan takobin kansa, wato kaifin, ba a taɓa shi ba, yana nan da duhunsa da 'yan ramuka uku a tsaye, da tambarin wata biyu masu fuskar mutum suna kallon gefe. Irin wannan tambari sananne ne a takubban ƙasar Hausa da na Buzaye. Bature Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi wajen 50,000 a shekara, mafi yawa daga Solingen ta Jamus, maƙeranmu su sa musu kai da kube. Maƙeran gida kuma sun iya kwaikwayon tambarin Turai a kan nasu aikin, don haka tambari shi kaɗai ba ya rantsuwa. Amma kan takobin, wato mariƙi da giciyensa, labari ne daban. Babu bakin ɗinki ko ɗaya. Zanen da ke jiki ya cushe, kamar rubutun allo da aka shafa wa hannu. Da na ɗaga bakin fatar da aka naɗe mariƙin da ita, sai ga jar tagulla a ƙasa, da zanen maƙeri rangaɗau, kowane layi da kaifinsa, inda inji bai kai ba.

Bindigar ta fi ba ni tausayi. Ganga ce mai kusurwa takwas daga gindi, amma kusurwoyin duk sun kwanta. Kewayen kowane noti ya yi kwari. Kusa da ramin wuta, inda albarushi ya fi ci, zanzana ce birjik, kuma cikin kowane rami fari fat yana ƙyalli da ratsin shuɗi. Na miƙa wa wakilin marayun madubin ya gani da idonsa, na miƙa wa taubashina. A gefen gangar kuma akwai ragowar wani hatimi mai siffar ƙwai, ana iya karanta E da L da G a ciki. Wannan shi ne tambarin gidan gwajin bindigogi na birnin Liyej a Beljiyam, wanda shi da Bamingam suka fi kowa ƙera bindigogin da aka yi ta jibgewa a Afirka ta Yamma. Tun wajen 1810 ake buga shi, amma daga 1893 aka ƙara masa kambi a sama. Wannan kambi yana da muhimmanci, domin bayan yarjejeniyar Burasal ta 1890, wadda ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani ta bar musu masu ƙyastu, Liyej ta ci gaba da ƙera tsohon yayi domin kasuwarmu shekaru da yawa bayan Turai ta daina amfani da shi. Ke nan siffar bindiga ba ta isa ta faɗi shekarunta ba, sai an duba ko da kambi ko babu. To daidai saman ƙwan nan injin gogewa ya lashe. Wuri ne da bai kai faɗin ƙwayar gero biyu ba, amma shi ne da zai taimaka mana wajen ƙiyasta shekarun bindigar.

Duk wannan abu Hajiya, matar kawu, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana jan carbi, ba wanda ya tambaye ta komai, domin an ɗauka maganar makami ta maza ce. Da ta ji ina ta nanata cewa ruwan na baya ne, sai ta ce, “To ɗan nan, da kun tambaye ni ai da ba ku wahalar da gilashin gwamnati ba.” Ta ce shekarar da aka kawo ta gidan aka yi babban hawan daba na Festak a nan Kaduna, wato 1977, wanda dominsa aka gina otal ɗin Durbar, sarakuna suka zo da dawaki daga ko'ina. Kawu yana cikin tawagar Zazzau. Ya ga kayan ubansa sun yi duhu, ya ji kunyar shiga taron duniya da su, sai ya sayar da tunkiya ya kai su Kano wurin masu yi wa kayan keke da mota ruwa. Ta ce ranar da ya dawo da su bai yi barci ba, yana ta fito da su yana mayarwa. Ya soke bindigar a ɗamara, ya rataya takobin, kuma har ya rasu yana faɗin cewa wani mai ɗaukar hoto ya bi shi da gudu saboda walƙiyarsu.

A nan ne na rabu da Turawan da na karanta. A wurinsu abin da kawu ya yi ɓarna ce tsantsa, kuma ta fuskar kuɗi da ta binciken tarihi ba su yi ƙarya ba, kambin nan ya tafi ke nan. Amma kawu ba ɗan kasuwa ba ne, kuma bai gaji kayan don ya sa a gilas ba. Barde ne da ya gyara kayan hawansa, kamar yadda ubansa ya sha sauya wa takobin kube in fata ta mutu. Ruwan da ya yi yanzu ya doshi shekara hamsin, ya ga sarakunan da ba sa duniya, har ya fara kodewa a daidai inda babban yatsansa yake zama. A ganina wannan ma ya zama na asali, asalin kawu. Wanda nake zargi shi ne mai juya bindiga sau biyu ya ce ruwan masana'anta ne, alhali idonsa ya fi nawa sanin ƙarfe. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ɓoye aibin kaya a ciniki algus ne, ko mai saye baƙo ne daga wata uwa duniya. Balle ma dokar kayan tarihi ta 1979 ta hana fitar da aikin hannun gida da aka yi kafin 1918 ba tare da izinin hukumar gidajen tarihi ba, abin da dillalin bai ga damar ambata ba.

Malamin rabo ya saurari kowa, ya ce bindiga dai ba ta shiga lissafi, tun da doka ba ta yarda a sayar da ita ba, kuma abin da ba ya sayuwa ba a ɗora wa maraya shi a matsayin rabo. Aka yi shawara a miƙa ta ga hukuma ta hannun mai unguwa, tare da takardar da na rubuta ta bayanin abin da muka gani da abin da Hajiya ta faɗa. Takobin kuwa aka kira dattijon nan na Panteka da wani maƙeri na biyu, kowa ya yi masa kuɗi ba tare da ya ji na ɗan'uwansa ba, aka ɗauki tsakiya. Kuɗin bai kai na tumakin ba. Taubashina ya daɗe shiru, sa'an nan ya ce a cire daga rabonsa, shi zai riƙe. Maƙerin ya tambaye shi ko yana so a kankare ruwan a fito da tagullar, ya ce a'a, a bar shi yadda Baba ya hau da shi. Kuɗin shara kuwa har yau yana bina, wai ai ban ce azurfa ba ce, amma kuma na hana shi gida.